Injin Askin Baba Mai Noti Huɗu

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, Ya raba ka da sharrin mahassada, Ya kuma sauƙaƙa maka kewar gida. Mu nan duk lafiya lau muke, sai godiya. Gwiwar Mama ta yi sauƙi har tana hawa bene ba tare da ta tsaya a tsakiya tana ƙirga zunubanmu ba. Maigidana an mayar da shi ofishin da ke kusa da gida, don haka yanzu ba shi da hujjar cunkoson mota idan ya makara. An gyara yoyon ɗakinka na da, kuma littattafanka ba abin da ya same su sai guda biyu da suka kumbura, waɗanda na tabbata ko kai ba ka taɓa karanta su ba. Na zaɓi in rubuto takarda in ba abokin aikinka da ya zo hutu, domin a waya ba ka bari mutum ya kai aya, kuma kunnen Mama yana jin raɗa ta bayan ƙofa biyu.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Sau uku kana tambayata ko Baba yana amfani da injin askin da ka aiko masa, sau uku ina ce maka e. Ƙarya na yi maka, ka yafe mini. Kuma ranar da ka ce mini kana jin kamar Baba fushi yake da kai saboda ba ka samu zuwa ba lokacin da yake kwance a asibiti, shi ya sa ya ƙi yarda ku yi magana ta bidiyo, na kashe wayar na zauna na yi kuka, domin na san dalilin kuma na kasa faɗa maka. Baba ba fushi yake da kai ba. Fuskarsa ce ba ya so ka gani.

Ka san Baba da gyaran fuska. Tun muna yara, kafin ya sha ko ruwan zafi sai ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa, ya fito kumatunsa da haɓarsa sumul, gashin bakin nan nasa a daidaice kamar da ma'auni aka yanka. Ka tuna abin da yake cewa duk lokacin da abokansa suka tsokane shi, wai mai gyaran agogo ba ya tara gemu, domin silin gashi ɗaya in ya faɗa ciki ya isa ya tsayar da agogo, a rasa gane abin da ya same shi. Shekara arba'in da 'yan kai yana wannan. To, sati biyu bayan an sallamo shi, ya lallaɓa ya ɗauki reza da hannun daman nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa. Hannun ya yi rawa, ya yanke a ƙasan muƙamuƙi. Yankan bai kai tsawon farce ba, amma saboda maganin tsinka jinin da yake sha, sai jinin ya ƙi tsayawa har ya jiƙa tawul. Muka koma asibiti a guje, likita ta ɗaure wurin, ta kuma ce daga ranar shi da reza sun yi hannun riga. Abin da Mama ta faɗa maka a waya ke nan, amma ba ta faɗa maka sauran ba.

Sauran shi ne, mun kira mai aski har gida, mutumin kirki mai sanyin hannu, Baba ya sa aka ba shi ruwa ya sha, aka sallame shi. Ya ce tun yana ɗan shekara ashirin ba wanda ya taɓa riƙe masa haɓa, kuma ba zai fara miƙa wuya yanzu kamar ɗan akuya ba. Maigidana ya ce zai yi masa, ya ƙi. Ni kuwa da na buɗe baki, kallo ɗaya ya yi mini na haɗiye maganata. Haka gemun ya yi ta fitowa, fari fat, wani wuri cunkus wani wuri tsilli-tsilli. Wata safiya na shiga ɗakinsa na tarar ya juya madubin bango yana kallon bango. Ya daina zama a ƙofar gida. Shagon ya kasance a rufe, agogunan mutane suna cikin gwangwanin nan na alewa, kowanne da 'yar takardarsa a ɗaure. Masu su sukan zo gaisuwa, sai ya ce a ce musu yana barci. Likita ta ce hannun zai iya dawowa sosai in ana motsa shi, ta ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa, amma ƙwallon ta ƙare a ƙarƙashin gado. Gaskiya na tsorata, Yaya. Ciwon bai ci Baba ba, amma na ga zaman ɗaki yana neman cinye shi a gabanmu.

Ana cikin haka sai ga saƙonka. Wallahi da na buɗe kwalin sai da na yi guɗa. Siriri, mai sheƙi kamar kifi, ga wasu lambobi da ke haskawa a jikinsa, ga mazauninsa da yake wanke shi da kansa. Ba shi da maɓalli ma, shafawa kawai ake yi ya tashi. Ni da zumuɗina, ko takardar bayanin ban duba ba, na nufi ɗakin Baba, na yi ta zuba har ya gaji ya ce in gwada. Na ɗora masa a kumatu, kan gemun wata biyu. Ashe irin wannan inji ba ya cin dogon gashi, sai an rage shi tukuna. Ya cafki gashin ya fizga, har sai da idon Baba ya kawo ruwa. Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya miƙa hannun hagu ya karɓa, abin ya sulluɓe ya faɗa kan cinyarsa saboda santsi. Ya sake ɗauka, ya kai kunne ya saurara kamar yadda yake yi wa agogo, sannan ya juya shi gaba da baya yana laluben wani abu da babban yatsa. Da ya gama sai ya ajiye, ya ce abin ba shi da noti ko ɗaya, da gam aka manne shi. Ya ce duk abin da aka rufe ba a bar hanyar buɗe shi ba, an yi shi ne don ranar da ya kwanta ciwo a jefar da shi, kuma shi ba ya son irin wannan a kusa da shi.

Na fito ina ƙunƙuni, ina cewa Baba dai hali zanen dutse, yaro ya aiko da abu mai tsada daga uwa duniya shi kuma yana neman noti. Mama tana tsinke ganye a kicin, ba ta ko ɗago ba ta ce mini ilimin bokona bai amfane ni da komai ba, in har ban gane ba maganar inji mahaifina yake yi ba. Sai a lokacin na gane. Tun ranar da ya dawo daga asibiti yake ganin kansa a matsayin abin da ya tsaya, wanda ba za a iya buɗewa a gyara ba. Ni kuma na kawo masa ɗan'uwansa a kwali.

Daga nan na ɗaura ɗamarar nemo wani injin, amma na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara saye da ido ba. Duk shagon da na shiga bayan an tashi daga makarantar da nake koyarwa, sai in cusa hannun damana cikin jaka, in ce a miƙo mini a hagu. In riƙe da yatsu uku, in girgiza, in ga ko zai zame. Samarin shagunan suka yi ta kallona kamar wadda ta taɓu. Wani ya yi ta yabon nasa wai yana aiki a cikin ruwa, na ce masa mahaifina ba a kogi yake aski ba. Wani ya ce nasa yana haɗuwa da waya ya gaya maka yadda ka yi askin, na ce muna da Mama a gida, wannan aikin an riga an ba ta. Shago huɗu na shiga ban samu abin da ya kwanta mini ba.

Na biyar wani ɗan ƙaramin shago ne a bayan tashar mota, cike da dutsen guga da fanka da butocin lantarki har rufi, da kyar mutum biyu suke iya tsayawa. Mai shagon dattijo ne mai sanƙo, tabaransa rataye da zare. Shi kaɗai ne bai fara da yabon kaya ba. Ya tambaye ni wane ne zai yi amfani da shi, da wane hannu, gashin mai tauri ne ko mai laushi, fatar ta saki ko da sauran ƙarfinta. Da na ba shi labari sai ya ciro guda biyu ya jera a kan kanta. Ya ce iri biyu ne a duniya, sauran duk kwalliya ce. Akwai mai raga a miƙe, wanda yake sharewa tas, amma yana son hannu tsayayye da zai ja shi sama da ƙasa a layi. Akwai kuma mai kawuna uku zagayayyu, wanda ake murzawa a da'ira, kawunan suna lanƙwasawa su bi ƙashin haɓa da ramin kumatu, kuma ko hannu ya yi rawa ba ya damuwa, domin da ma yawo yake so. Ya ce amma gani ya kori ji, in kawo fuska a gwada, yana da na gwaji da yake wankewa da sinadari.

Ka san fuskar da na kai. Maigidana shekara biyu yana kiwon gemun nan nasa, yana shafa masa mai safe da yamma, yana taje shi a madubin mota. Na kwana biyu ina lallashi, na haɗa da abincin da ya fi so, na tuna masa cewa Baba ne ya gyara masa agogon mahaifinsa ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Ranar Asabar ya bi ni kamar wanda za a kai wa alƙali. Mai shagon ya zaunar da shi a kan kwalin fanka, ya fara rage gemun da ɗan abin datsa da ke bayan injin, yana nuna mini kuskuren da na yi wa Baba. Sannan na karɓa da hannun hagu, ina karkarwa da gangan, na aske masa kuncin dama da mai ragar, na hagu da mai kawuna ukun. Mai ragar ya bar layi-layi kamar gonar da makaho ya nome, har ya ɗan ja masa fata a gefen leɓe. Mai kawunan kuwa duk iya shegen da hannuna ya yi, lafiya lau ya bi. Maigidana ya dubi madubi, ya ce yanzu ya gane abin da ake nufi da haƙurin zaman aure. Matan da suka zo sayen buta suka yi ta dariya har ɗaya ta zauna a ƙasa.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni, na ce ina son mai noti. Dattijon ya cire tabarau ya dube ni, ya ce shekara ashirin yana wannan sana'a ba wanda ya taɓa tambayarsa haka. Na ce mahaifina mai gyaran agogo ne. Sai ya taka kujera ya laluba can saman kanta, ya sauko da wani kwali da ya sha ƙura. Tsohon yayi ne, baƙi, mai kauri, an naɗe masa roba mai gurza-gurza a mariƙi. Maɓallinsa turawa ake yi ya ce ƙas, ba shafawa ba. Yana da batir, kuma in caji ya ƙare ana iya jona shi a bango a ci gaba. Kawunan ana samun na canji. A bayansa kuwa ga noti huɗu reras suna kallona. Ba shi da kyau ko kaɗan, Yaya, kusa da naka kamar jaki ne kusa da doki, amma da na riƙe shi da yatsu uku na girgiza, ko motsi bai yi ba.

A gida Mama ta hana ni miƙa masa a matsayin kyauta. Ta ce mutumin da ya gaji da karɓa, ba shi aiki ake yi. Don haka na shiga na ajiye a kan teburinsa, na ce na saya wa maigidana ne amma ina jin wata ƙara a ciki da ban gane ba, ko an cuce ni ne. Ya harare ni, domin ga maigidan nawa can a tsakar gida fuska fayau kamar ɗan makaranta, amma bai tona ni ba. Ya tura maɓallin da babban yatsan hagu, ya kai kunne, ya lumshe ido. Ya ce ba abin da ke damun injin, muryarsa ta mai gaskiya ce, amma a ɗauko masa akwatin kayan aikinsa ya duba. Wata huɗu ke nan rabon da a buɗe akwatin nan. Ya danne injin da hannun daman, ya riƙe ƙaramin sukundireba da hagu. Notin farko ya ɗauke shi kusan minti goma sha biyar. Sau biyu yana faɗuwa ƙasa, ina yunƙurin ɗaukowa Mama ta mintsine ni a cinya har yanzu da tabon. Shi ya sunkuya ya lalubo abinsa. Da ya buɗe, ya saka gilashin idon nan nasa ya daɗe yana kallon ciki, ya ɗiga man agogo ɗigo ɗaya, ya mayar ya ɗaure. Bai dawo mini da shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Washegari da safe na biya kafin in wuce makaranta, tun daga zaure na ji ƙugi. Na leƙa ta labule. An sauke madubin daga bango, yana hannun Mama, ta durƙusa a gabansa da gwiwar nan tata tana riƙe da shi. Shekara arba'in da uku da aure, ta ce ba ta taɓa ganin yadda yake aski ba sai ranar. Ya fara rage gemun da abin datsa, farin gashi yana zuba a kan jaridar da ya shimfiɗa a cinya, sannan ya bi da kawunan a hankali, yana zagayawa. Awa guda cur ya yi, na makara, shugabar makaranta ta yi mini faɗa na ce ta ƙara. Ya bar wani ɗan tsibiri a ƙarƙashin kunnen dama, sai Mama ta ce masa ko wannan na iri ne ya ajiye. Ya ce mata mai riƙon madubi ce ba ta iya aikinta ba. Rabon da in ji suna wannan cacar bakin tun kafin ciwon. Fuskar ta rame, Yaya, kuma gefen bakin dama ya ɗan sauka, ba zan ɓoye maka ba. Amma Baba ne, namu, wanda muka sani.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kwana biyu bayan nan ya ce a kawo masa injin da ka aiko. Na ɗauka kyauta zai yi da shi. Ashe shago zai tafi da shi. Ya sa maigidana ya buɗe masa ƙofa, ya share teburin da kansa, ya kunna fitilar nan mai lanƙwasa wuya. Ya ce ɗan Adam ne ya rufe abin nan, don haka ɗan Adam zai buɗe shi. Kwana uku yana bin jikin injin da gilashi da ɗan tsinken ƙarfe, maƙwabtan shago suna shigowa gaisuwa yana amsawa ba tare da ya ɗago ba, kamar jiya ya rufe. Ran na ukun da la'asar na kai masa magani, ina shiga na ji yana dariya shi kaɗai. Ya ɓamɓare wata 'yar roba a gindin injin, ƙarama kamar ƙwayar gero, sai ga noti ɗaya a ɓoye a ƙarƙashinta. Ya nuna mini da hannun daman, kuma na lura hannun ne yake riƙe da tsinken. Ya ce ashe ya zalunci yaron nan, ba abin jefarwa ya aiko masa ba, notin ne kawai a ɓoye. Ya ƙara da cewa da ma kai tun kana ƙarami haka kake, abin yana nan a ciki, sai an tona ake gani.

To, injinka dai yanzu yana cikin faranti, gunduwa ashirin da uku, na ƙirga. Ko zai sake haɗuwa, Allah ne masani, kada ka ƙwallafa rai. Amma gwangwanin alewa ya ragu da agogo biyu, masu su sun zo sun karɓe su suna aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Abokin aikinka ya ce zai isa wurinka ranar Alhamis. Baba ya ce in gaya maka ka kira ranar Asabar da hantsi, lokacin yana shago, kuma ta bidiyo, wai yana so ya nuna maka notin. Don Allah kada ka yi maganar gemu, kada ka tambayi hannun, kuma in ka ga gefen bakin kada ka yi wannan shirun naka. Ka bar shi ya yi maka bayanin notin ko da zai kai awa guda. Sannan ka gyara fuskarka kafin ka kira, domin a hoton da Anti ta turo kwanan nan na ga ƙasumba ta fara cin ƙarfinka, kuma ka san wanda za ka tsaya a gabansa.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata man gwiwar da ta aiko wa Mama ya yi aiki. Ka shafa mini kan Takwaran Baba da Sarkin Surutu da 'yar autarku, Allah Ya raya su. Mama tana gaishe ku, ta ce ka rage shan abin sanyi. Maigidana yana gaisuwa, ya ce ka sani akwai gemun shekara biyu da ya salwanta a hidimar gidanku. Dattijon shagon ma ya ce a gaida ɗan mai agogo.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta